Rakiyar Ɗantani

Idan sanyi ya shigo Dubai, manyan jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido sukan fara tsayawa a tashar Mina Rashid, kowanne kamar an ɗauko unguwa guda an ɗora a kan teku. Lokacin ne aikin Ɗantani yake kankama. Mutumin Malumfashi ne, dogo, furfura ta fara leƙo masa a gemu. Fatauci ya kawo shi garin, fataucin ya ƙi, ya ƙare a wani kamfani mai zagayawa da baƙi. Da safe zai kwashe su a bakin jirgi, ya tsallakar da su ruwan Deira a kwalekwale, ya bi da su kasuwar zinariya da ta kayan ƙamshi, sannan mota ta haura da su ƙauyen Hatta, can cikin duwatsu. Kafin magariba ya dawo da su, jirgi ya tashi, ba ya sake ganinsu har abada.

Abu ɗaya ne da shi wanda ya ƙi gyaruwa, wato rakiya. A ƙa'ida, aikinsa a ƙofar mota yake ƙarewa. To amma a gidan da ya tashi ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai. Mahaifiyarsa Barira, Allah ya jiƙanta, ta taɓa kora shi da muciya har bakin layi don ya sallami baƙo daga zaune. Saboda haka kullum sai ya sauko ya taka wa baƙinsa har shingen da masu gadi ke tsayar da shi. Su kuwa gani suke wani abu yake nema. Wasu su cusa masa kuɗi a hannu, wasu matan su ƙara rungume jaka. Ba laifinsu ba ne, wa ya taɓa raka su? Amma abin yana ci masa rai ƙwarai. Direbansa ma har ya gaji da danna oda yana cewa da Larabci, "Yalla habibi, khalas!" wato ya zo su wuce, an gama, baƙi sun tafi.

Wata rana cikin sanyin 2018, yana tsaye da ɗan allonsa mai sunan kamfani a bakin jirgi, sai ya ji an ce, "Wash, gwiwata!" Ya waiga da sauri. Wata tsohuwa ce cikin mayafi ruwan ƙasa, wata matashiya na riƙe da hannunta. Bai san lokacin da ya durƙusa ba, a gaban Turawa da kowa.

"Ina kwana, Hajiya?"

"Ikon Allah! Har nan ma kuna nan?"

Hajiya Sabuwa ce daga Zariya. Ɗanta da ke aiki a Ingila ne ya ce ta sha iska, ya haɗa ta da matarsa Ramlat. Ranar dai sauran baƙi sun ga ta kansu, don rabin bayaninsa da Hausa ya yi. A Hatta, da aka shiga da su tsofaffin gidajen ƙasa, Turawa suna ta ɗaukar hoto, Hajiya ta taɓe baki ta ce, "Yanzu wannan aka kwaso mu mu gani? Ai ɗakin kakata ya fi shi yaɓe." Ɗantani ya yi dariya har da hawaye, ya ma manta rabon da ya yi irinta.

A gindin dabino ta tambaye shi iyali. Ya ce, "Suna nan ƙalau." Me zai ce? Nisa ya daɗe da cinye aurensa, 'yarsa kuma ta girma a hannun wani.

Da suka juyo, sai fargaba ta kama shi. Ya san zai raka ta. Idan ita ma ta buɗe jaka a bakin shinge, to shi kenan, ko a wurin mutanensa ya zama ɗan neman na goro.

Suka sauka, ya ɗauki ledarta, yana tafe daidai da tafiyarta. A bakin shinge Ramlat ta zuge jaka. Hajiya ta buge mata hannu.

"Ke, ba ki da hankali? Rakiya ce." Ta juyo gare shi. "Ta isa haka, ɗan nan, koma. Allah ya yi maka albarka. Ka gaida mutanen gida."

"Za su ji, Hajiya," in ji shi.

Ya isa masaukinsa a unguwar Al Nahda ana kiran magariba. Abokan zamansa ba su dawo daga aiki ba, kuma ko suna nan, ba yarensu ɗaya ba. Ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Amma gaisuwa saƙo ce, ya kuwa ce za su ji. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, takalmi a hannu, ya ce, "Hajiya Sabuwa tana gaishe ku."

Ya ɗan saurara. Da shirun ya yi yawa, sai ya ce a hankali, "Muna amsawa."