Mai Lemon Ƙarƙashin Gada

A ƙarƙashin sabuwar gadar sama a Sabon Gari, inda titi ke tsallaka layin dogo a da, wata mai lemo ke zama. Masu facin wurin na kiranta Mama Oby. Dattijuwa ce siririya, ɗankwalinta na zumuntar matan coci ya koɗe, babban yatsanta duk shatin wuƙa.

Ina jiran facin taya sai jirgin kaya ya yi kuka daga nesa. Nan take ta jawo tire, ta hau fere lemo da sauri, ɓawon na sauka bai tsinke ba, har guda bakwai. Ina jin shekaru ta yi a haka: jirgi ya yi kuka, a tare hanya, motoci su yi layi, hannuwa su fito ta taga ana "Mama, miƙo biyu!" Mu muna tsine wa cunkoson, ita kuwa lokacin take ganin mutanenta.

Jirgin ya wuce. Motoci na ta gudu a samanmu, ba mai tsayawa.

Na ce, "Mama, wa zai sha duk wannan?"

Ta dubi tiren kamar wani ne ya fere. "Hannun ne, ɗana. Na gaya masa an yi gada, bai ji ba."

Ta ɗaga kai tana sauraron tayoyi. "Akwai wani direban Samaru, kullum sai ya tambayi ciwon ƙafata. Yanzu ta kaina yake wucewa. Ko ya san ina nan?"