Takun Narelle a Rumfar Aski

Shekara goma sha ɗaya Narelle Prowse ta yi tana sharar ulu a rumfunan askin tumaki na yammacin garin Blackall, kafin shugaban ayarinsu, tsoho Merv, ya danƙa mata injin aski. Mako biyu ya ɗibar mata: in hannunta bai faɗa ba, ta koma wa tsintsiyarta.

Kwana tara ta yi tana kokawa. Sai ta janyo tunkiya, ta zaunar da ita, ta maƙale ta da hannun hagu, tunkiya kuwa ta yi ta harbe-harbe. Nan ta yanki fata, can ta bar ulu cunkus. Ko lokacin shan shayi ba ta iya zama, sai zagaya rumfa take tana aske iska da hannu.

"Narelle, aski aka ce, ba dambe ba!" in ji Dazza, mai aski kusa da ita. "Wa ya ci wannan turmin, ke ko ita?"

"Ka ji da taka, mai bakin tsiya."

Rana ta goma da hantsi, hannun hagun ya mutu murus don gajiya. Ga tunkiya a gabanta, rabinta a aske. Gudun kada ta kuɓuce, Narelle ta matse ta da gwiwa, ta yi taku baya da ƙafarta ta dama. Sai tunkiya ta yi laƙwas, fatarta ta miƙe, injin ya wuce sumul daga cinya har wuya.

Ashe ta san takun nan. Hannun masu aski ta saba kallo, amma shekara da shekaru tana kauce wa ƙafafunsu da tsintsiya, har takan san inda ƙafa za ta sauka tun ba a ɗaga ta ba. Hannunta da ke ta riƙon tunkiya ne ya tare wa ƙafarta hanya.

Merv ya zo ya ɗaga ulun, ya ga ya fita ɗungurungum, ba yanka ko ɗaya.

"Wa ya nuna miki, 'yar nan?"

"Ba kowa, Baba."

"To, yi mini uku a jere, wurin askin ya zama naki."

Tsoro take kada abin ya gudu in ta tsaya magana. Ta faɗa garke ta janyo wata, ta ƙara wata. Merv ya ga ta ukun ta fita tas, ya gyaɗa kai ya wuce. Ita ba ta ma gan shi ba, tana can tana fisgo ta huɗu.