Kunnen Ɗan Tunkiyar Iya

Jiya da hantsi tunkiyar kakata Iya ta haihu. Na ɗauko ɗan na ɗora mata a cinya, don idanunta sun daɗe da tafiya, da hannu take gani.

Ta shafa bayansa, ta shafa ƙafafunsa. Da ta zo kan kunnuwan sai hannunta ya tsaya. Dogaye ne, sun zubo, irin na Balami.

Tumakin Iya 'yan ƙasa ne zalla, masu gajeren kunne. Asalinsu tunkiya ɗaya ce da ta janyo da igiya lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu. Ba ta taɓa yarda baƙon rago ya hau su ba. Yanzu tsohuwar tunkiyar nan kaɗai ta rage, unguwarmu kuwa babu sauran rago ɗan ƙasa.

Na ce, "Iya, ai ruwa-biyu ya fi. Ga saurin girma, ga nama, a kasuwar Ƙafin Maiyaki ma su ake rububi."

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Amma kabarin uwata da na ubana suna ƙarƙashin ruwa. Gajeren kunnen nan ne kaɗai ya rage min da nake taɓawa in ce garinmu."

Na miƙa hannu zan ɗauke ɗan tunkiyar, ta riƙe shi gam.

"Bar shi. Shi ma a nan aka haife shi, kamar ku."

Wallahi sai da na fita waje na share ido.

Ku da tsofaffinku ke raye, me suke riƙe da shi da muke ganin ba komai ba ne?