Faifan da Na Sa a Makokin Mijina

Na manta abubuwa da yawa na zaman da na yi a London, har lambar gidan da muka zauna sai an tuna min. Amma ranar Asabar ɗin nan da na miƙe tsaye a makokin mijina a Plumstead, na ɗora faifai a kan garmaho a gaban dattawa, ba zan manta da ita ba har a rufe ni da ƙasa. Har yau akwai masu cewa rashin kunya na yi. Oho, su yi ta faɗa. Ku dai ku ji yadda aka yi.

Lokacin da kuɗin fetur ya shigo ƙasarmu ne, gwamnati na ta kwasar matasa tana turawa karatu waje. Aka turo mijina ya koyi aikin injin jirgin ƙasa, ni kuma na biyo shi ina koyon aikin nas. Mu 'yan kan dutse ne, daga wani ƙauye can bayan Jos, kuma Kirista ne tun daga kakanni. A wannan zamanin mutanenmu sun cika London maƙil. Kowa ya zo shopping, kowa na neman rediyo mai manyan lasifika wanda sai ƙarti biyu sun kama, a kai gida a yi ta zuba disco. Shi kuwa gogan nawa me ya kwaso? Wani ɗan garmaho mai aiki da batir, wai don in mun koma ƙauye inda babu wuta kada ya zama kayan ado. Duk Asabar kuma sai ya hau bas zuwa kasuwar gwanjo a Catford, ya dawo da tsofaffin faya-fayai a hammata, yana murmushi shi kaɗai.

Waƙoƙin yabon Allah ne na Turawan karkarar Amurka mazauna kan duwatsu, irin waɗanda ake ce wa country gospel da bluegrass. Ranar da na fara ji, na ce, "Kai, wannan wace irin fitina ce ka kawo min gida? Mutane na waƙa ta hanci kamar masu mura!"

Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Sista, ajiye tukunyar nan ki zo ki zauna." Sista yake ce min, kamar wata babbar nas, don tsokana, tun ban ci jarrabawar farko ba. "Ki bar muryar tukuna. Ki saurari abin da ke gudu a ƙarƙashinta."

Na kasa kunne. Akwai gita, akwai goge irin nasu, amma akwai wani abu mai tsirkiya da ke tsalle-tsalle a tsakani, sautinsa a bushe, ƙwas-ƙwas, yana sauri kamar ana korarsa. Ya nuna min hotonsa a bayan bangon faifan: fuskarsa fata ce a ɗaure, suna ce masa banjo.

Ya ce, "Ba molo ba ne wannan?"

A ranar ya ba ni labarin kakansa. Makaɗin molo ne da babu irinsa a duk yankinmu, ba a biki, ba a gayya sai da shi. Da 'yan mishan suka zo ya ba da gaskiya, sai aka ce ba za a yi masa baftisma ba sai ya rabu da molon, wai kayan Shaiɗan ne. Da hannunsa ya ɗora shi a kan dutse a bakin rafi ya fasa, jama'a na kallo, sannan ya shiga ruwa. Bai sake kaɗa komai ba har ya mutu. Mijina ya tashi yana ganinsa a gindin bishiya, yatsunsa na motsi a kan gwiwa, babu abin kaɗawa.

Ya ce, "Kin gani ko? 'Yan'uwan waɗanda suka sa aka fasa namu, ga shi da nasu molon suke yabon Ubangiji a kan nasu duwatsun. Ashe Allah bai taɓa ƙin tsirkiya ba."

Tun daga nan kunnena ya buɗe. Ni da na ce masu mura, sai ga ni ina goge kayan aiki ina bin su a hankali. Abin da ya kama ni shi ne babu ƙarya a muryoyin nan. Ɗaya ya ɗauko da ƙarfi, wani ya hau samansa siriri, wani ya tokare daga ƙasa, su haɗe kamar matan zumunta a coci in waƙa ta yi daɗi. Zancensu ke nan kullum: uwa da addu'arta, ƙetare kogi, gidan da aka baro, gidan da za a je. Kana ji ka san mutanen nan sun riƙe fartanya, sun binne 'ya'ya, sun san yunwa. Faifan ma ya tsufa, yana ƙas-ƙas kamar ana suyar ƙosai, amma wannan ɗin ma daɗi yake ƙara masa. In sanyin London ya ishe mu, mu zauna gaban hita mu sa ɗaya, sai ka ji kamar ka leƙa gida ka dawo.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san abin da nake gani, ba sai likita ya ja ni gefe ba. Wata rana da yamma na kai masa abinci, ya riƙe min hannu ya ce, "Sista, in an zo yi min sujadar ban kwana, ki sa min wancan faifan mai koren bango. Waƙar farko a gefen farko. Don Kaka." Na ce ya daina wannan magana. Ya ce, "Ki dai ce to." Na ce to. Bai daɗe ba ya rasu. Wannan "to" ɗin ita ce ta jawo komai.

Babbanmu a London ƙanen mahaifinsa ne, wato ɗan makaɗin molon nan na cikinsa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da aka turo aiki, kuma shi ne dattijon zumuntarmu ta masu sujada da Hausa. Baba muke ce masa, matarsa kuma Mama. Ba zan ci amanarsa ba, mutumin kirki ne. Shi ya tarbe mu a filin jirgi, shi ya samo mana flat, shi ya yi ta zirga-zirga har aka shirya kai gawa gida. Da ya zo gaya min yadda aka tsara sujadar ban kwana, na durƙusa na faɗa masa wasiyyar ɗansa.

Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "'Yata, wannan garaya-garayar da yake ji? A gaban Ubangiji? Ga manyan baƙi za su zo. Ina yaro na ga mahaifina ya fasa irin wannan abu don ya sami ceto. Ba a kan idona za a dawo da shi ba."

Na ce, "Baba, yabon Yesu suke yi a ciki."

"Ko sunan wa suke kira. An yi booking ɗin mai kaɗa organ na coci, magana ta ƙare. Ke naki zama ne."

Naki zama ne. A al'adarmu matar mamaci ba ta da baki har sai an share makoki. Tabarma ake shimfiɗa mata a ƙasa, ta lulluɓe kai, mata su kewaye ta. Ba ta miƙewa, ba ta gaisawa da ƙarfi, ko ruwa sai an miƙo mata. Dangin miji ke yanka, su ke raba. Wadda ta karya wannan, sai a ce ba ta yi baƙin cikin mijinta ba, wasu ma su ce da hannunta a ciki. Na san duk wannan sarai. Na kuma san ba ni da uwa ba ni da uba a ƙasar nan sai mutanen nan. In suka juya min baya, ni da bango ne. Amma na ce wa mai mutuwa to, kuma ba ya nan balle in je in ce masa ya yi haƙuri, an hana.

Ranar Asabar da rana aka taru a wani zauren coci da aka ara. Ana ruwa tsit-tsit irin nasu mara ƙarewa. Na zo da jaka a ƙarƙashin mayafi, Mama ta ɗauka kayan sawa ne, har ta karɓa ta ajiye min kusa da tabarma. Aka yi waƙoƙi, organ na ta gurnani, aka yi wa'azi. Masu manyan riguna suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna yabon mijina, wasu ko sunansa ba su iya faɗa daidai ba. Ina zaune zuciyata na tafasa. Na ce a raina, kowa ya yi magana a kan mutumin nan ban da shi kansa.

Da Baba ya ce a tashi a yi addu'ar rufewa, sai na riga kowa tashi. Mama ta cafke min zane, ta ce a hankali, "Ke, kina hauka ne? Zauna!" Na zame. Na suri jakar, na taka har gaban teburin da aka ajiye hotonsa, na ciro garmaho daga cikinta na buɗe, na ɗora mai koren bango, na saukar da allura.

Ƙas-ƙas ɗin nan ya fara fita. Sai banjo ya ɓarke.

Tabɗi! Zauren ya yi tsit, sai tsirkiya kawai ke gudu. Baba ya daka tsawa, "A zare wayar! A zare ta daga bango!" Mutum biyu suka ruga suna lalube bayan tebur, suna ɗaga labule. Wace waya? Abin da mijina ya saya don ƙauye ne, batir ke cikinsa. Da ba makoki ake ba, da na yi dariya.

Sai Baba ya taho da kansa zai ɗage allurar. Na sa hannu biyu na rufe ta, na tsaya tsakaninsa da tebur. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar.

Ya ce, "'Yata, matsa."

Na ce, "Baba, ka yafe min, ba zan matsa ba. Ɗanka ne ya roƙa, kuma don mahaifinka ya roƙa. Waɗanda suka sa ya fasa molonsa, ka ji abin da 'yan'uwansu ke kaɗawa a cocinsu. In zunubi ne, a rubuta a kaina. In ya ƙare ka yi min duk abin da ka ga dama."

Daidai nan muryoyin suka shigo, siririn nan ya hau sama. Hannun Baba na miƙe, bai sauke ba, bai kuma taɓa ni ba. Ya daɗe a haka. Sai ya juya ya nufi ƙofa, takalminsa na ƙara. Amma bai tafi ba. Ina hangensa ta gilashi, yana tsaye a cikin ruwan nan babu lema, har allura ta kai ƙarshe. Ni kuwa sai a lokacin na fashe da kukan da na kasa yi tun ranar da aka rufe masa ido.

Kada ku zaci an tafa min. Rabin jama'a sun fita ba su yi min sallama ba. Baba bai sake yi min magana ba, ko a jirgin da muka raka gawa, kujerarsa daban ya nema. Kafin mu isa ƙauye labari ya riga ya canza kaya: wai na kunna kiɗan mashaya na yi rawa a kan gawar mijina. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba. Har na koma London na ƙarasa karatuna, Mama kaɗai ke leƙo ni, ita ma a ɓoye.

Bayan an binne shi, uwar mijina ta aika a kira ni ɗakinta. Tsohuwa ce mai kaifin harshe, na shiga na riga na sadaƙar. Ta ce, "An ce kin yi rawa." Na ce, "Ban yi ba." Ta ce, "Ina abin? Kawo in ji da kunnena."

Na ɗauko, na ajiye a kan daɓe, na sa. Ta sunkuyar da kai tana saurare, fuska a murtuke. Ita ce ta yi wa makaɗin nan hidima tun tana amarya, ta san shi da molonsa, ta san shi babu shi. Da faifan ya tsaya ta share ido da bakin zane, ta ce, "Wa ya koya wa Bature hannun surukina?" Sai ta ƙara da cewa, "Sake sa shi. Ki buɗe ƙofar kuma, duk mai kunne ya ji."

Garmahon a ɗakinta na bar shi, tare da mai koren bangon. An ce har ta rasu, in aka je gari, batir ne saƙonta na farko.

Abin da na koya ke nan, kuma ban koye shi da araha ba: in ka yi wa mai mutuwa alkawari, ka zama bakinsa, don shi ba zai iya tashi ya yi gardama ba. Ranar da aka ce ka zauna ka yi shiru alhali maganarsa ce a hannunka, ka tashi. Masu fushi za su yi, wasu ma ba za su huce ba har abada. Ni dai na ce masa to, kuma na sa masa faifansa.