Mayafin Harami a Hanyar Ɗa'ifa

Ko zan manta komai na zamana a Makka, ba zan manta ranar da muka gangaro daga Ɗa'ifa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ba a daɗe da buɗe sabuwar hanyar kan dutse ba. Muna zaune a unguwar Mansur, ɗana na fari wata tara, bai jima da tashi daga ƙyanda ba. Yayan mijina, direban motar haya, ya ce zai kai mu shan iska Ɗa'ifa, can saman dutse. Na ji mata na cewa can sama akwai sanyi, sai na naɗe bargo na sa a mota. Mijina ya ciro shi.

"Bargo a ƙasar Makka? To kwandon inabin da za mu sayo fa, a kanki za mu ɗora?"

Na mayar da bargon ɗaki. Yadda aka tashe ni, mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban dangin miji. Ko sunansa ba na faɗa.

Da la'asar za mu dawo, mijina da yayansa suka tsaya a miƙati suka ɗaura harami, za su yi umara. Rigunansu suka cusa ƙarƙashin kwanduna a saman mota, aka ɗaure da igiya. Muka kama gangara. Hanya sai murɗewa take, dutse a nan, rami can da ba a ganin ƙarshensa. Gajimare ya sauko mana, iska na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa. Yaro ya yi kuka har ya daina. Dainawar ce ta tsorata ni.

A wata kwana Yaya ya taka birki. "Ku fito ku ga ikon Allah!"

Suka tsaya bakin rami, suna nuna birrai, suna mashallah. Kyau kam akwai, ban musa ba. Amma na taɓa ƙafar ɗana na ji ta kamar ƙanƙara, leɓensa ya yi duhu, mayafina kuwa shara-shara.

Ban san sanda na fita ba. Na fizge mayafin haramin daga kafaɗar mijina.

"Ke! A gaban Yaya?"

"A gaban kowa ma! Ka ajiye bargon ɗana saboda inabi. To ji abin da yake ji!"

Na naɗe yaron, na manna shi a ƙirjina, ina kiran sunansa da ƙarfi. Yaya ya sunkuyar da kai. "Yalla, ku shiga," kawai ya ce.

Mijina ya zauna ba komai a kafaɗa, haƙoransa na haɗuwa, ban ko kalle shi ba. Sai da muka kai ƙasan dutse, zafin Makka ya buge mu, sannan yaro ya tsala kuka ya kama nono.

Inabin nan ko ƙwaya ban ci ba. Tun ranar na gane kunyar da za ta sa ɗanka ya mutu a hannunka kana kallo ba tarbiyya ba ce. Abin da na sani game da ɗana, a ƙofar gida nake faɗarsa, kafin mota ta tashi.