Ƙwan Fitilar Ɗakin Inna

Maryam, jiya bayan na idar da azahar barci ya sace ni a kan darduma, na yi wani mafarki da har yanzu ya tsaya mini a rai. Ke kaɗai zan iya faɗa wa, don in na buɗe baki a gidanmu cewa za a yi na cika zargi.

Kin san tunda idon Inna ya yi rauni ba ta iya lalubo makunnin fitila. Shi ne Yaya Nura ya zo daga Kaduna da wani ƙwan lantarki mai aiki da wayfai, ya ɗaura mata a ɗaki, ya haɗa da wayata da tasa, duk inda muke mu kunna mata ko mu rage haske. To, kwanaki tsawa ta ƙona mana na'urar wayfai, na sayo sabuwa, tun daga ranar ƙwan ya daina jin waya. Yaya ya ce abu ne mai sauƙi: in kashe in kunna sau biyar, in ya fara ƙiftawa ya manta tsohon layi ke nan, sai in haɗa shi da sabon. Kullum ina cewa gobe.

A mafarkin sai ga ni tsaye a ɗakin Inna, hannuna a kan makunni. Rana tsaka ce, amma ɗakin duhu kamar an toshe tagogi. Inna na zaune a bakin gado tana jan carbi. Na kashe, na kunna. Da haske ya dawo, babu tsohon keken ɗinkinta da ke ƙarƙashin taga. Na ce a raina ko matsar da shi aka yi. Na sake kashewa na kunna, sai kawai labule ya ɓace, har ƙusoshinsa. A na uku agogon bango ne ya tafi, sai shatinsa a jikin fenti. Na so in daina, amma hannun nan ya ƙi sakin makunnin, kamar ba nawa ba.

A na huɗu sai ga wani mutum da ban taɓa gani ba, dogo, da farin kaftani, takalmi a ƙafarsa a kan shimfiɗar da Inna ke salla. Tef ɗin awo ne a hannunsa, yana auna bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Bai yi sallama ba.

Na ce, "Malam, wa ya shigo da kai?"

Ko kallona bai yi ba. Ya sunkuya ya ɗaga ƙafafun Inna a hankali, yadda ake ɗaga kujera in ana shara, ya wuce da tef ɗinsa ta ƙasa. Ita kuwa jan carbinta kawai take yi.

Na biyar ne ƙwan ya fara ƙiftawa da sauri. Na duba wayata don in zaɓi sabon layi, amma maimakon sunayen wayfai na maƙwabta, sai na ga sunaye biyu kacal, nawa da na Yaya. Nasa a sama, ƙarfinsa a cike. Nawa a ƙasa, ɗan layi ɗaya, yana zuwa yana ɗaukewa. Na danna nawa, ta nemi kalmar sirri. Na rubuta, ta ƙi. Na sake rubutawa harafi-harafi, ta ƙi. Kalmar da ni da kaina na sa, Maryam.

Sai kawai na gan ni a tsakar gida. Babu bishiyar gwaibarmu, babu rijiya, an shafe ko'ina da siminti, an jera ƙofofin ƙarfe irin na shaguna. Ƙwan yana rataye a saman kaina, ba waya, ba silin, a sarari kawai. Wata murya ta fito daga cikinsa, irin ta matar nan da ke cewa lambar da ka kira a kashe take. Ta ce, "Wannan ƙwan yana da mai shi."

Na ce, "Waye?"

Sai ƙwan ya daina ƙiftawa, ya koma kore, ya koma shuɗi, alhali ban taɓa komai ba. Na waiga na hango Yaya Nura a bakin zaure, ya ba ni baya, yana latsa waya. Duk latsawa ɗaya launi ya sauya. Na ƙwala masa kira. Bai juyo ba, ya ce, "Ai da kin bari na zo."

Daga ciki kuma sai na ji Inna tana cewa, "Binta, kunna mini, ban ga takalmina ba." Na ruga ƙofar ɗakinta, na tarar da sabon kwaɗo a jiki, ko ledarsa ba a cire ba. Ina ja ina ja, tana ta kiran sunana.

Nan na farka, jikina sharkaf da gumi, ashe da gaske Inna ce ke kira. Na shiga na same ta lafiya lau, komai yana inda yake. Tun kafin in zauna ta ce, "Yayanki ya bugo kina barci. Ya ce kada ki taɓa ƙwan nan. Jibi zai zo da wani mutum ya duba wayoyin gidan nan, ɗaki-ɗaki." Ta ƙara da cewa, "Ya kuma tambaye ni inda takardun gida suke."

Allah ya sani Yaya bai taɓa cutata ba, ba na son in ɗauki alhakinsa. Amma sau uku ke nan yana cewa gara Inna ta koma Kaduna wurinsa, tana cewa ita a ɗakin mijinta za ta mutu. Kuma yaushe gyaran ƙwai ɗaya ya zama na bin ɗaki-ɗaki?

Don Allah ki faɗa mini gaskiya, ko ki tambayar mini wanda ya san fassara. Sharrin barcin rana ne, ko nuna mini wani abu aka yi? In tashi yanzu in haɗa ƙwan nan da wayata ni kaɗai, ko in zuba ido in ga wanda Yaya zai shigo da shi gobe?