Wainar da na soya don takardarsa

Da damina maigidana ya dawo gida Madarumfa, bayan ya gama karatun dokta a ƙasar waje. Lokacin ɗiyarmu ta fara tafiya tana dafa bango, ba ta san shi ba. In ya miƙo hannu sai ta shige cikin zanena.

Ni lekol aji uku na yi, ban san kan aikinsa ba. Yayyensa na gona suna noman gero, shi yana ɗaki da kwamfuta, yana jiran kuran, wutar lantarki, ya dawo. In an yi sallama ni ke fita in ce yana aiki, in ga mutum ya leƙa ta bayana yana neman aikin.

Wata rana ina tsintar wake na tambaye shi ko mi yake yi. Ya nuna bido biyu, jarkokin da ke bakin ƙofa, na ruwa da na man babur.

"In kin ɗebo wancan kika zuba a tukunya fa?"

"Allah shi kiyaye! Ai ko a duhu na san su."

"To, na'ura ba ta sani. Masu rubuta mata umarni suna haɗa abin da bai kamata a haɗa ba, ba a ganewa sai ɓarna ta auku. Ni ina ƙera abin da zai duba rubutun tun ba a kunna ba, ya ce nan an sa mai a mazubin ruwa."

Ya ce wahalar ita ce abin nasa ya cika ihu. Wuri goma zai nuna, ɗaya ne kuskuren gaske, har mutane su gaji su daina saurare. Ya dube ni yana dariya, ya ce, "Kamar ke da zazzaɓin yarinyar nan." Ban yi dariya ba. A satin sau biyu na kai ta likita aka ce lafiyarta lau.

Akwai takardar binciken da ya tura wani babban taron masana. Ya gaya wa Inna, mahaifiyarsa, cewa in sun karɓa ya samu aiki. Mu a wurinmu aiki ɗaya muka sani, irin na mushen lekol, mai koyar da yara, ko malamin likita: a tura ka gari, a ba ka gida, ka ɗauki iyalinka, ka zauna har tsufa. Inna ta ce Maradi ce, tunda akwai jami'a. Ni har na fara tunanin ɗakin siminti da famfo a tsakar gida, da likita kusa. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai ƙara komai ba.

Inna ta ce a yi sadaka. Duk Juma'a in jiƙa gero, in kai niƙa, in soya waina a raba wa yaran unguwa. Ina juya ta a tanda ina roƙon Allah shi sa su karɓa. Ban taɓa roƙon wani abu da ƙarfi haka ba.

Suka karɓa. Da hantsi ya fito riƙe da salula. Inna ta yi guɗa, mata suka cika gida suna barka. Ƙanwar babansa ta dafa ni ta ce, "Matar dokta, in kin je birni kar ki manta da mu, masu kifin tabkin Madarumfa!"

Sai da gida ya watse na ce, "Malam, yaushe za mu tashi? In fara wankin kaya."

Ya zauna bakin gado. Ya ce ba Maradi ba ce, wata ƙasa ce mai sanyi. Wa'adin shekara biyu ne, ɗaki ɗaya, ba a zuwa da iyali. Haka hanyar take, in ji shi: ka yi biyu nan, ka sake rubutu, ka yi biyu can, har wata jami'a ta ba ka kujera. Masu jira sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba.

"Ka san haka ina soya waina?"

"Na sani."

"Mi ya hana ka faɗa?"

"Na zaci ba za su karɓa ba."

Ya tafi bayan girbi, ina da ƙaramin ciki. Wansa ne ya yanka ragon suna. Da wa'adin ya cika bai dawo zama ba, ya samu wani wa'adin a wata ƙasar, ya zo hutu kaɗan ya koma. Mutane har yanzu matar dokta suke ce mani, wasu da gaske, wasu ban sani ba.

Kwanan baya ya kira, yaran na rigima a kan wa zai riƙe salula. Na karɓa na fita bayan ɗaki, inda Inna ba ta ji.

Na ce, "Wannan wa'adin shi ne na ƙarshe?"



"Ba zan ce maki abin da ban tabbatar ba," ya ce.

Na ce to, Allah shi taimaka. Na miƙa wa babbar, ta shiga ba shi labarin haƙorinta da ya fita.